Ƙungiyar makarantarmu tana faɗuwa bayan hutun rabin lokaci: laifin koci ne ko na ƴan wasa?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a shekara ta uku a wata babbar makaranta a nan Damagaram, kuma tun shigowata ban bari wasan ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa ya wuce ni ba sai idan jarrabawa ta hana. Ba zan ambaci sunan makarantar ko na kocin ba, domin shawara nake nema, ba cin zarafin kowa ba.

A bana duk wasanninmu kamanninsu ɗaya. Kafin hutu yaran suna taka leda yadda ake so, sau da yawa ma mu ke fara ci, amma da an dawo sai ka ga kamar an sauya su da wasu. Ranar Asabar ina tsaye dab da layi, a ɓangaren da ɗan bayanmu na dama yake, na gan shi ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu yana haki, ƙwallo ta wuce ta gefensa bai iya juyawa ba, kuma daga nan aka yi mana cin da ya kashe wasan. Koci yana tsaye ya harɗe hannu, ƴan benci suna zaune a inuwar dogon yaro suna kallo, alhali tun 2022 dokar ƙwallo ta tabbatar da damar sauya mutum biyar. Mutum ɗaya ya sauya, shi ma saura minti kaɗan a tashi.

Yanzu wasu abokaina sun rubuta takarda zuwa ofishin wasanni suna neman a cire kocin, kuma sun ce in sa hannu kafin Juma'a. Shin in sa? Ina roƙon waɗanda suka san ƙwallo fiye da ni su gaya mini inda matsalar take.

Mai Goyon Baya daga Zengu:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka sa hannu, ni ma na kalli wasan, kuma abin da ka gani rabin labarin ne.

Matsala ta farko ita ce mutumin yana koyar da irin wasan da filinmu ba ya ɗauka. Ya dage lallai gola ya miƙa wa ƴan baya ƙwallo a ƙasa, su kuma su yi ta ba ni in ba ka har su isa tsakiya, kamar yadda muke gani a gidan kallo ranar wasannin Turai. Waɗancan a kan ciyawa suke yi, wadda aka shayar da ruwa kafin a fara. Mu a rairayi muke, inda ƙwallo takan tsaya a tsakiyar hanya ko ta ci karo da tsakuwa ta canza alkibla, don haka kowace gajeriyar miƙa a gaban gidanmu kyauta ce ga abokan hamayya. Ƙwallaye da yawa da aka zura mana a bana daga irin wannan suka fito.

Na biyu, yana tura ƴan baya har kusan tsakiyar fili don su kama masu satar gida, alhali ƴan tsakiyar bayansa biyu ba su da gudu, kuma a wasanninmu sau da yawa masu riƙe tuta ɗalibai ne da aka roƙa a ranar. Wanda ya dogara da tarkon satar gida ba tare da mataimakin alƙali mai ido ba, ya miƙa wuyansa ne da kansa.

Na uku shi ya fi ci mini rai. Akwai wani yaro ɗan shekarar farko da ya zo daga wajen Mirriya, mai ƙafar hagu, wanda duk wanda ya gan shi a wasan unguwa ya san ya fi wanda ake sawa, amma ba ya barin benci, saboda koci yana fifita waɗanda suka daɗe a makaranta. Girmama na gaba abu ne mai kyau a gida da a masallaci, amma a fili ƙafa ake dubawa.

Tsohon Gola:

Ƴaƴana, ni na tsare gida a ƙungiyoyin unguwa shekaru masu yawa, kuma ina saurayi lokacin da Espoir ta garin nan ta zama zakaran ƙasa a 1984, shekara ɗaya bayan Jangorzo ta Maraɗi ta yi. Na ga kocin da aka kora da hakki, na ga wanda aka kora da zalunci, don haka ku ba ni dama in ja ku baya kaɗan.

Ku tuna da koci Harouna Doula. Shi ne ya kai Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, gasar cin kofin Afirka a karon farko, ta 2012, daga rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Masar a lokacin ita ke riƙe da kofin sau uku a jere, amma a Yamai, a Oktoban 2010, Moussa Maazou ya zura mata ƙwallo ɗaya tilo, aka tashi a haka. Wasa uku na gida duk Mena ta ci, uku na waje duk ta faɗi, ta gama da maki tara daidai da Afirka ta Kudu da Saliyo, ta wuce da sakamakon karawar da ke tsakaninsu, yayin da ƴan Afirka ta Kudu suke rawa a fili suna zaton su ne suka wuce. Hukumar ƙwallon Afirka ta ba Doula kyautar gwarzon koci na 2011. Duk da haka, da aka tashi zuwa gasar sai aka ga bai isa shi kaɗai ba, aka kawo Bafaranshe Rolland Courbis aka haɗa su. Me ya biyo baya? Gabon ta ci mu, Tunisiya ta ci mu, Maroko ta ci mu, muka dawo ba maki ko ɗaya. A 2013 aka koma da koci Gernot Rohr, aka samu maki ɗaya tak daga canjaras da Kwango ta Kinshasa. Shekara goma bayan haka, Doula ɗin nan ne ya ɗauki ƴan wasan cikin gida zuwa gasar CHAN, ta masu buga wasa a ƙasashensu, a Aljeriya, suka fitar da Ghana da ci 2 da nema, suka kai wasan kusa da na ƙarshe.

Ban kawo wannan don in ce kocinku Doula ne ba. Na kawo shi ne domin sauya wanda ke tsaye a bakin layi shi ne abu mafi sauƙi, kuma shi ya sa kowa yake fara tunaninsa. Ƙungiyar da ke wasa da kyau minti arba'in da biyar sannan ta mutu ta nuna cewa ta san abin da za ta yi, ƙarfin ci gaba da yin sa ne babu. Wannan ba ranar Asabar ake gyara shi ba, tun Litinin ake gyarawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan Birni, ɗana, kafin ka sa hannu ina da tambaya ɗaya: ka taɓa zuwa ka kalli atisayensu?

Ɗalibar Kiwon Lafiya:

Baba Tsohon Gola ya taɓo inda nake so in yi magana. Ina cikin waɗanda ake kira su zauna da akwatin magani a bakin fili, kuma abin da nake gani bayan hutu alamun ƙishirwa ne da yunwa. Ana fara wasa da la'asar, a watannin da zafin garin nan yake haura digiri 40, kuma ruwan da ake kawowa jarka ɗaya ce ga mutum ashirin, wadda takan ƙare kafin a dawo. Ɗan wasan da ke gudu a irin wannan zafi yana iya zubar da fiye da lita ɗaya ta gumi a awa guda, kuma abin da ke fara raguwa shi ne saurin ƙafa da saurin yanke shawara, daga baya jijiya ta ɗaure. Dokar wasa ta yarda alƙali ya tsayar da wasa don shan ruwa, ta kuma yarda da hutun sanyaya jiki har na minti uku, amma ban taɓa jin kyaftin ko koci ya nema kafin a fara ba. A nan kam ina ganin laifin koci, domin magana ce ta baki kawai da ba ta cin ko dala.

Lamba Shida:

Na daɗe ina karanta wannan muhawara ina shiru, amma tunda ni ɗaya ne daga cikin waɗanda ake magana a kansu, gara in faɗi abin da na sani, da wanda zai yi mana daɗi da wanda ba zai yi ba.

Sunayen da ke takarda sun haura ashirin, amma ranar atisaye da wuya mu cika ƙungiya biyu ta mutum bakwai-bakwai. Wasu suna aji har yamma saboda an matsa darussa don a cike gurbin lokacin da aka rasa. Wasu, idan kuɗin tallafin karatu ya yi jinkiri, sukan karɓi babur su yi kabu-kabu, ko su je kasuwa su taya wani ɗan'uwa tsare shago, kuma ba zan iya ce wa mutum ya bar abin da zai ci ya zo gudu ba. Wasu kuma, gaskiya ɗaya ce, ba su da uzuri. Suna fada suna shan shayi har ƙarfe biyu na dare, su zo ranar wasa suna neman riga. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Yaron Mirriya da yayana na Zengu ya ambata abokina ne, kuma gaskiya ne ya fi mu duka iya riƙe ƙwallo. Sai dai a wata guda sau biyu ya zo atisaye, kuma ranar da aka gwada shi bai san wanda zai tsare ba idan aka yi bugun kwana. Mutanen da Ɗan Birni ya gani a inuwar dogon yaro, mafi yawansu irinsa ne. Koci yana duba benci ya ga waɗanda bai gani ba duk mako, sai ya zaɓi ya bar gajiyayyen da ya san wurinsa.

Amma ba zan wanke shi tas ba. Maganar miƙa ƙwallo a ƙasa daga gola mun gaya masa ba ta yi mana, bai saurara ba. A lokacin hutu kuma faɗa yake yi daga farko har ƙarshe, ba ya ce wa kowa ga abin da za ka gyara, har ɗan bayan nan na dama, wanda ya buga wasan Asabar da ciwon idon sawu, bai iya buɗe baki ya ce a cire shi ba.

Mai Goyon Baya daga Zengu:

Na gode, ƙanena, ka faɗi abin da ban sani ba, kuma na janye maganar fifiko a kan yaron Mirriya. Sai dai abin da ka bayyana bai sauke wa koci nauyi ba. Wa ya kamata ya kafa doka cewa wanda bai zo atisaye sau biyu a mako ba, ba zai sa riga ba? Wa ya kamata ya je ofis ya nemi a daidaita lokacin atisaye da na darussa, ko a mayar da shi bayan sallar asuba lokacin da gari yake da sanyi kuma babu aji? Kuma ɗan wasan da ke tsoron gaya wa kocinsa cewa ƙafarsa na ciwo, wa ya sa masa wannan tsoron? Baba Tsohon Gola, ina girmama misalinka, amma ƴan wasan da Doula ya kai Aljeriya suna buga gasar ƙasa kowane mako kuma an tara su a sansani kafin tafiya. Namu ba su da wannan, shi ya sa suke bukatar wanda zai tsara musu ɗan lokacin da suke da shi.

Ɗan Birni:

Baba, na bi maganarka, jiya Talata na je atisaye. Na ƙirga mutum tara. Ƙwallo biyu ce, ɗaya tana sacewa, ana yi ana hura ta da famfon keke. Koci da kansa ya zo da jarkar ruwa ɗaure a bayan babur ɗinsa, ya jera duwatsu a maimakon alamomin atisaye, kuma da zai gwada bugun kwana sai da ya roƙe ni in shiga in tsaya a matsayin ɗan baya domin mutane ba su kai ba. Na kuma ji yadda yake yi musu tsawa, kuma Lamba Shida bai ƙara gishiri ba.

Na gaya wa abokaina ba zan sa hannu a takardar yadda take ba. Na ce a sake rubuta ta a nemi a mayar da atisaye safiya, a ba da ƙwallaye da ruwa isasshe, a kafa rajistar zuwa wadda za a liƙa kafin kowane wasa, a kuma zauna da koci da kyaftin a kan maganar gola da yadda ake amfani da lokacin hutu. Biyu sun yarda, sauran sun ce na karaya. Yayana na Zengu, na yi musu alkawari cewa idan aka yi wannan duka wasan bai sauya ba zuwa ƙarshen zango, ni zan fara sa hannu a takardar farko.

Ƴar'uwa mai akwatin magani, idan za ki iya rubuta mana adadin ruwan da ya kamata a tanada don wasa ɗaya da atisaye ɗaya, ki aiko kafin Alhamis da dare, domin mu sa shi a takardar da lissafin kuɗinsa.