Yaya zan sa mai koyo ya nemo amsa da kansa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koya wa matasa ɗinki a Tudun Wada, Kaduna, kuma ina ƙoƙarin horar da su ta hanyar tambaya, kamar yadda tsarin GROW, wata hanyar horarwa mai matakai huɗu, ya tanada: buri, halin da ake ciki, zaɓi, sai mataki. A wajen zaɓi nake cijewa. Idan wuyan riga ya karkace na ce wa yaro "Me kake gani ya jawo haka?", sai ya sunkuyar da kai ya ce "Duk yadda ka ce, Oga." Tarbiyya ce, na sani, amma kunyar ta hana shi tunani. In na yi shiru in ba shi dama, sai ya ɗauka fushi nake. Don Allah waɗanda suka horar da yara, wace dabara kuka bi?