Filin Jama'a: Lambu Ko Shaguna?

Mai Alƙalami:
Kansiloli sun zauna, an gama tattaunawa,
Filin jama'a ba yanka, ba sayarwa,
A dasa itatuwa, yara su sami wurin sakewa,
Tsoho ma ya sami inuwar hutawa.

Dattijo Mai Lissafi:
'Yata, waƙarki da daɗi, sai dai da gyarawa,
Bishiya ba ta biyan haraji, ba ta tarawa,
In shaguna aka gina, kuɗin shiga na ƙaruwa,
Wa zai biya mai gadi, mai shara, mai ban ruwa?
Lambun da ba shi a kasafi, juji yake komawa.

Mai Alƙalami:
Baba, ai juji ma yakan zama abin nunawa,
Lambun Azhar na Alƙahira ya isa a yi dubawa,
Sharar ɗaruruwan shekaru aka yi ta kwashewa,
A 2005 aka yi bikin buɗewa.

Dattijo Mai Lissafi:
Gidauniyar Aga Khan ce ta yi ta kashewa,
Ki samo mana irinta, sai in daina tankawa.

Ɗan Tarihi:
Ku ba ni wuri, Baba da Yaya, in ɗan yi tunatarwa,
Lambun Central Park na New York da ake ta yabawa,
A da akwai ƙauye a wurin, Seneca ake cewa,
Yawancinsu baƙar fata, masu gida da makaranta,
Da coci da maƙabarta, komai na tafiya,
A 1857 hukuma ta gama tashinsu da rusawa.
In an ce "fili ne fayau", ku je ku yi leƙawa,
Wata na shanya a nan, wani na da rumfar sayarwa,
A takarda ba su nan, a ƙasa suna rayuwa.

Uwar Marubuta:
Ƙanena ka karya amsa-amo sau biyu, na yi ƙirgawa,
Amma zancenka dutse ne, ba mai musantawa.
Ni tsorona bayan an ware, an yi shelantawa,
Sabon shugaba ya zo, sai a fara gutsurawa,
Yau kusurwa ta tafi, gobe katanga na tasowa.
A 1989 lambun Uhuru na Nairobi ya ga barazana,
Bene mai hawa 60 aka so a yi dasawa,
Wangari Maathai mai kare muhalli ta tsaya, ana zagi tana rubutawa,
Har masu zuba jari suka yi janyewa.
Lambun Gezi a Istanbul, 2013, haka aka yi ta fafatawa.
A sa iyakar a doka, taswira a yi mannawa.

Ɗan Tarihi:
Yaya, ke ma "barazana" ta zame miki, na yi ganowa!

Dattijo Mai Lissafi:
Na yarda a ware, in an kira taron sauraren kowa,
Mai rumfa a ba shi madadi kafin a ce masa tashi,
Albashin mai ban ruwa fa? Har yanzu ba mai amsawa.