Irin da bai kamu ba a gonarka, shi ke nan mai juriya ne?

Alhaji Bala: Ni fa ban ga amfanin masu bincike su shafe shekaru suna gwada irin waken suya ba. Damina biyu ke nan ko ɗigon tsatsa, cutar nan mai kama ganye, ban gani a nawa ba. Gona ita ce alƙali, an gama magana.

Malam Sani: Allah ya ja kwana, Alhaji, a nan kam ban bi ka ba. Wanda ya kwana a daji ya tashi lafiya, ba lallai jarumi ba ne, wataƙila kura ce ba ta fito ba. Tsatsa sai ganye ya daɗe a jiƙe da raɓa ko ruwa take kamawa. In ba ta zo yankinku ba, ko wane iri ma zai yi kyau. Shi ya sa a filin gwaji ake shuka irin da aka san yana kamuwa, kamar TGx 1448-2E, a gefen sabon. In tsohon ya zubar da ganye, sabon yana nan kore shar, to yanzu aka yi magana.

Alhaji Bala: Ai nawa TGx 1835-10E ne, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da cibiyar binciken hatsi ta Badeggi suka fitar a 2008 saboda tsatsar.

Malam Sani: To ka ga, gwajin da kake rainawa ne ya kawo maka shi har gona.

Yusuf: Baba Alhaji, ka taɓa juya ganyen ƙasa ka duba bayansa? Mai juriya ma yana kamuwa, sai dai tabonsa ja-ja ne mai duhu, ba ya fitar da garin cutar sosai. Marar juriya tabonsa ya fi haske, in ka shafa sai ƙura ta biyo yatsanka.

Hajiya Rabi: Yusuf, mu da muke sayen wake don awara, ƙwaya muke gani. Mai juriyar da bai cika buhu ba, wa zai noma shi? Mutane har yau 1448 suke nema don ba ya saurin fashewa a gona.

Yusuf: Gaskiyarki, Hajiya. Amma shekarar da tsatsa ta sauka da wuri, ganye kan zube kafin ƙwaya ta cika, sai ki samu wake a motse.

Malam Sani: Kuma cutar ba iri ɗaya ba ce. Wanda ya jure ta Kaduna yana iya faɗuwa a Binuwai, inda laima ta fi yawa. A Birazil tun da ta shiga a 2001, feshi suka fi dogaro da shi.

Alhaji Bala: Malam, Birazil ta yi nisa. Bana zan ba 1448 kunya biyar a gefen nawa. In duka biyun suka tsira fa?

Malam Sani: Sai mu ce cutar ba ta zo ba, a sake baɗi.

Alhaji Bala: Ka ji irin taku! Kullum sai baɗi.