Sanyaya kwamfuta da ruwa a zafin Sakkwato: me zan saya?

Bello Mabera: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara kafin in zubar da kuɗi. Aikina haɗa bidiyon biki ne, na'urata mai furosesa Ryzen 9 7950X ce da katin hoto RTX 3080. Tun da bazara ta shigo, ina fara fitar da bidiyo furosesa ke hawa digiri 95, fanka na ihu kamar injin markaɗe. Ina so in koma ruwa, irin wanda mutum ke haɗa wa kansa da tiyo da famfo. Na ga wani bulok, wato ƙarfen da ruwa ke bi ta cikinsa yana kwashe zafi, da ke rufe furosesa da bod (babban allon kwamfuta) gaba ɗaya, ya burge ni ƙwarai. Shi zan fara saye?

Injiniya Nasiru: Wa alaikumus salam. Ƙanena, tsaya tukuna. 95 ɗin nan ba ciwo ba ne ga wannan furosesar, haka AMD suka yi ta, tana ƙara gudu har sai ta taɓa 95 sannan ta daidaita. Ko ruwa ka sa mata za ka iya ganin lambar nan, sai dai aikin zai fi sauri. Ɗakin da take ciki akwai AC?

Bello Mabera: Babu, Injiniya. Fankar sama ce kawai, sola ba ta ɗaukar AC. Da azahar ɗakin yana kai 38.

Malam Buhari Gawon Nama: To nan matsalar take. Yaro, ka san randa? Ruwan randa shina sanyi don yana tsattsafowa ta jikin ƙasa iska na kwashe shi. Lagireton kwamfuta ba haka yake ba, rufe yake ruf. Iskar da fanka ta hura mishi ita ce iyakarshi. In ɗakinka 38 ne, ruwan ba shi taɓa sauka ƙasa da 38, in an dace ya zauna 46 ko 48 lokacin aiki. Waɗanda kake kallo a YouTube ɗakunansu 21 ko 22 ne, kada ka auna kanka da su. Kuma ruwa ba ya cinye zafi, kwashe shi yake daga furosesa ya zubo maka a ɗaki. Furosesarka na iya jan wat 230, katin 320. Wat 550 ke nan kake zaune da su a ɗaki guda.

Sadiya 3D: Malam ya gama magana. Ni ma zanen gine-gine nake yi, na yi shekara biyu da ruwa. A kan bulok ɗin da ya burge ka, Malam Bello, kada ka fara da shi. Abin da yake ƙara sanyayawa a bod shi ne VRM, waɗancan ƙananan da ke kewaye da soket masu daidaita wa furosesa wuta. Su kuwa an yi su ne su jure sama da digiri 100, kuma bod mai kyau ya zo da ƙarfen kwashe zafi a kansu. Sauke manhajar HWiNFO mai nuna zafin kayan kwamfuta, ka sa bidiyo mai nauyi yana fita, bayan rabin awa ka duba layin da aka rubuta VRM ko MOS. Ka kawo mana lambar. Sannan irin wannan bulok ɗin wa bod guda ɗaya tak ake ƙera shi. Ranar da bod ya ƙone ko ka canza, ya zama abin danne takarda. Bulok na furosesa kaɗai kuwa zai bi ka duk bod ɗin da ke da soket AM5, wato irin mazaunin furosesarka.

Abba Dandima: Amma Anti, na ji an ce in ka cire fankar furosesa ka sa ruwa VRM ɗin yana ƙara zafi.

Sadiya 3D: Gaskiya ne, don iskar da ke fesowa gefe ta daina zuwa. Maganinsa fanka ɗaya a saman kesi ko bayansa. Ba sai an kashe kuɗin bulok ba.

Injiniya Nasiru: Bello, ga inda kuɗinka zai tafi: lagireto. Lissafin da masu harkar ke yi shi ne gurbin fanka mai faɗin milimita 120 ɗaya ga kowane wat 100, wannan ma a ƙasar sanyi. A nan ka ƙara. In furosesa kaɗai za ka sa, lagireto 360 ɗaya, wato mai gurbin fanka uku, ya yi. In har da katin, 360 biyu ne mafi ƙaranci, kuma ka auna kesinka da tef kafin ka biya, tsawo da kauri duka. Na taɓa sayen mai kaurin milimita 60, da na ɗora masa fanka sai ya danne RAM, murfi ya ƙi rufuwa. Wata uku yana kan tebur ina kallonsa. Mai kaurin 30 ya fi shiga ko'ina.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: ka duba tazarar haƙoran lagireton, wato siraran ƙarafan da iska ke ratsawa. Masu haƙora a matse sun fi kwashe zafi a takarda, amma bari hunturu ya shigo. Ƙurar watan Disamba da Janairu tana toshe su kamar an shafa musu kunu. Nawa na farko da na cire fankar, ƙurar ta fito a dunƙule, zagaye uku daidai girman fanka, kamar waina. Ɗauki mai haƙora a sake, ka sa raga a mashigar iska, ka riƙa hura shi da bulowa duk sati biyu lokacin hazo. In za ka hura ka riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa.

Usman Mai Gyara: Oga Bello ni dai abu ɗaya zan roƙe ka. Kada ka haɗa jan ƙarfe da alminiyam a layi guda. An kawo mini wata shago, mai ita ya sayi bulok na jan ƙarfe mai tsada, ya ga lagireto mai araha ya ɗauka, ashe alminiyam ne. Ruwa ya haɗa su, jan ƙarfe ya yi ta cin alminiyam ɗin a hankali. Da na buɗe bulok ɗin, farin abu kamar ƙullun koko ya cika ƙananan ramukan ciki. Jan ƙarfe da tagulla da nikel suna zama lafiya. In mai sayarwa bai rubuta ƙarfen da aka yi lagireton da shi ba, wuce kawai.

Abba Dandima: Ni fa tiyo mai tauri nake so, wanda ake lanƙwasawa da zafi. Shi ya fi kyau a hoto wallahi.

Malam Buhari Gawon Nama: Hoto dai. Tiyo mai tauri na robar PETG bai son zafi, in ruwa ya ɗumama sosai bakinshi na laushi ya saki mahaɗi. Ka tuna a 38 muke farawa. In dole sai mai tauri, akirilik ya fi jurewa, amma shi kuma yana tsagewa a hannun ɗan koyo. Wanda bai taɓa yi ba ya ɗauki baƙin tiyon roba mai laushi na EPDM mai 10/16. Ba shi da kwalliya, amma ba shi dishewa, ba shi zubar da wannan farin maiƙon da tiyon PVC ke saki cikin ruwa in ya sha zafi.

Bello Mabera: Malam mene ne 10/16?

Malam Buhari Gawon Nama: Faɗin ciki milimita 10, na waje 16. Mahaɗan ma dole su zama 10/16. In ka sayi 10/13 ba su kama shi. Zaren da ke shiga bulok da lagireto kuwa kusan duk ɗaya ne, G1/4, don haka mahaɗin Barrow ko Bykski zai ɗauru a bulok na Heatkiller ko Alphacool ba gardama.

Sadiya 3D: Ka ƙirga mahaɗi biyu ga kowane abu. Bulok biyu, kowane lagireto biyu, famfo da tanki biyu. Sai ka ƙara biyu na ajiya da 'yan robobin zobe. A nan in mahaɗi ɗaya ya gaza ba inda za ka ruga ka sayo, ko Farm Centre ta Kano ba lallai ka dace ba, sai ka jira kaya daga Chaina. Kuma ka sa bawul na zubar da ruwa a can ƙasa. Ni ban sa ba, ranar canjin ruwa sai da na kifa kesin a kan baho ƙanwata na riƙe da ɗaya gefen.

Injiniya Nasiru: Famfo kuma, tsakanin samfurin D5 da DDC, ɗauki D5. DDC ya fi ƙanƙanta, ya fi ƙarfin turi, amma jikinsa na zafi, iska yake buƙata. D5 ruwan da ke wucewa ne ke sanyaya shi, kuma ya fi shiru. Sayi wanda ya zo haɗe da tanki a samansa. Kada ka bari ya juya ba ruwa ko na minti ɗaya, ruwan ne man gindinsa.

Usman Mai Gyara: Saura ruwan kansa. Ban da na burtsatse, ban da fiya wata. Duba cikin butar shayinka, farin da ya kama gindinta shi zai kama bulok. Ruwan da aka tace ta tururi ake so, irin wanda ake ƙara wa batirin inbata. Amma a kula, wasu masu batir in ka ce ruwan batir mai asid za su miƙo maka. Ka tambaya da kyau. Shi ma ba a zuba shi tsura, sai an haɗa da maganin hana tsatsa da gansakuka, ko ka sayi haɗaɗɗe garai-garai. Masu launi mai kauri kamar madara ɗin nan suna kwantawa su toshe bulok. Sabon lagireto kuma ka ɗauraye cikinsa da ruwa mai ɗumi kana girgizawa, za ka ga baƙin tsaki na fita.

Abba Dandima: Gwajin yoyo fa? Shi nake tsoro.

Usman Mai Gyara: Zare duk wayoyin wuta daga bod da kati, ka bar famfo kaɗai. A babban filogin wutar bod mai fin 24 ka haɗa koriyar waya da baƙa don akwatin wuta ya kunna ba tare da bod ba, akwai ɗan filogin da ake sayarwa don haka. Shimfiɗa tishu ƙarƙashin kowane mahaɗi, ka bar shi yana zagayawa ya kwana. Ka jona a inbata, in ba haka ba a ɗauke wuta ƙarfe ɗaya na dare ka tashi kana murna tishu a bushe alhali famfo bai yi aiki ba.

Malam Buhari Gawon Nama: Ni hwa in ta ni ce, kahin dut wannan ka shiga BIOS, wato saitin bod, ka sa Eco Mode na wat 105 mai rage wa furosesa cin wuta, ka sayi babbar fankar furosesa irin Noctua NH-D15 ko Peerless Assassin, ragowar kuɗin ka ƙara fanel da batir ka sa ƙaramin AC. Kai ma ka sha iska, ba kwamfuta kaɗai ba.

Bello Mabera: Malam ka taɓa inda ke mini ƙaiƙayi, amma AC sai baɗi in Allah ya kai mu. Anti Sadiya na duba, bayan minti 40 VRM yana 74.

Sadiya 3D: To manta da bulok ɗin bod. Wane kesi gare ka?

Bello Mabera: Ban san sunansa ba, na hannu na saya. Gilashi ne a gaba.

Injiniya Nasiru: Gilashi a gaba? Ta ina iska ke shiga? Cire shi yanzu ka sake gwadawa, sannan ka auno mana daga saman bod zuwa rufin kesin.

Bello Mabera: Bari a taso daga la'asar in nemo tef.