Abin da iyaye suka tattauna kan yara masu otizim da rashin natsuwa

Jama'a ga taƙaitawar hirar da iyaye suka yi nan Yamai kan ɗiyan da ba su magana da wuri, ko masu otizim (wato yanayin da ke sa magana da cuɗanya da mutane su yi ma yaro wuya), ko waɗanda ba su iya zama wuri guda a lakkol.

Abin da aka fi nanatawa shi ne ergoterapi ba allura ba ne ba kwaya ba, horo ne kan ayyukan yau da kullum, sa riga, cin tuwo da cokali, riƙe alkalami, zuwa bayi. Wata uwa ta ce ɗanta ba ya iya sa maɓalli, sai aka ce ta fara da manya manya, ita ta sa sauran ta bar mishi na ƙarshe ya ƙarasa da kanshi, a hankali yana ƙarawa. Ni dai wannan dabarar ta fi burge ni wallahi don ko dala ba a kashewa.

Sai maganar hayaniya, yaro ya toshe kunne ya yi ta kuka a Babbar Kasuwa ko in an tada injin nika, ba iskoki ba ne ba rashin kunya ba, ƙarar ce ke yi mishi yawa, a janye shi gefe kawai, dukan yaro sai dai ya ƙara dagula abu.

Mai yawan tsalle kuma a ba shi aikin ƙarfi kafin karatu, ɗaukar ƙaramin bido na ruwa ko shara. A zana hotunan jadawalin yini a liƙa a bango, a roƙi mushe, wato malamin lakkol, ya zaunar da shi gaba. In yaro na buga kanshi ko barci ya gagara, a kai shi likita, kar a tsaya jira.