Tambaya: dutsen da ke bin hanya ɗaya da duniyarmu, me ya hana shi yin karo da mu?

Ɗan_Falaki:
Salam 'yan uwa, don Allah masu ilimin taurari ku taimaka. Na karanta cewa akwai wani dutsen sararin samaniya mai suna 2010 TK7 wai hanyar da duniyarmu ke bi ta kewaya rana shi ma ita yake bi, ana ce wa irinsu trojan. To abin da ya ɗaure min kai, in dai hanya ɗaya muke bi me ya hana mu tarar da shi mu yi karo? Kuma ya aka yi duk tsawon shekarun nan ba a gan shi ba sai 2010?

Malama_Kimiyya:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Karo kam babu, ka kwantar da hankalinka. Shi ma shekara ɗaya yake ɗauka ya zagaye rana kamar mu, kenan kamar mutum biyu ne ke gudu a fili ɗaya da sauri ɗaya, na baya ba zai taɓa cimma na gaba ba. Tun 1772 wani masanin lissafi Lagrange ya gano cewa akwai gurabe biyu a kan hanyar kowace duniya, ɗaya digiri 60 a gabanta ɗaya digiri 60 a bayanta, inda ƙarfin janyowa na rana da na duniyar ke haɗuwa su riƙe ƙaramin abu ya yi ta tafiya tare da su, su ne L4 da L5. To shi TK7 na L4 ne, wato a gabanmu yake. Amma fa ba a kafe yake wuri ɗaya ba, kai-komo yake yi mai faɗi sosai a kewayen gurbin, zagaye ɗaya na wannan kai-komon kusan shekara 395 yake ci, ga hanyarsa ta karkata da wajen digiri 21 don haka wani lokaci yana sama da mu wani lokaci ƙasa. Ko ya matso iya matsowa akwai kusan kilomita miliyan 20 tsakaninmu, sama da ninki 50 na nisan wata kenan.

Mai_Hangen_Nesa:
Bari in ƙara kan batun ganowar don ni nan ne ya fi burge ni wallahi. Daga nan ƙasa gurbin L4 kusa da rana yake bayyana, sai gab da asuba za ka iya leƙa shi na ɗan lokaci can ƙasa-ƙasa kafin gari ya waye haske ya rufe komai, ga dutsen faɗinsa kusan mita 300 ne kawai, ina za ka gan shi? Sai da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta harba na'urar WISE mai gano abu ta hanyar zafin da yake fitarwa, ita ta hango shi a Oktoban 2010, sannan a 2011 Martin Connors da abokan aikinsa suka bi sawunsa da wani babban madubin hangen nesa a Hawai suka tabbatar trojan ne.

Ɗan_Falaki:
Allah ya saka da alheri, yanzu na gane. To shi kaɗai ne ko akwai wasu?

Malama_Kimiyya:
Akwai na biyu, 2020 XL5, an gano shi Disamban 2020, ya ma fi girma don ya kai kusan kilomita 1.2, kuma lissafi ya nuna zai zauna a L4 aƙalla shekara 4,000 kafin ya kauce. Amma in tarinsu kake nema hanyar duniyar Jufita za ka duba, dubbai ne a can, na farkonsu Achilles tun 1906 Max Wolf ya gano shi a Jamus. Kumbon Lucy da aka harba a Oktoban 2021 can ya nufa, a 2027 ake sa ran zai isa na farko daga cikinsu.