Shekara biyu a kwamitin kula da dabbobi, jiya aka watsa mini ƙasa a ido

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Abin ya ishe ni. Shekara biyu ke nan ina cikin kwamitin amintattu na wata ƙungiyar kula da dabbobi a nan Kumasi, ko sidi ɗaya ba a biyana, aikin Allah nake yi. Jiya a taro na ce a yi wa shanun da ake saukewa a Kaase, inda mayankar garin take, kwamin shan ruwa da kuɗin da ya rage. Da idona na ga sa ya taso tun daga Burkina ta kan iyakar Paga, an ɗaure masa ƙaho a jikin mota, aka sauke shi ƙafa na rawa, hanci a bushe. Aka kaɗa ƙuri'a, kuɗin kaf ya tafi allurar karnuka. Ni kaɗai ne ɗan Zango a teburin.

Malam na Asawase: Ɗan'uwa, dakata. Aikin Allah ka ce? Zama da masu rungumar kare ne aikin Allah?

Hajiya Babba: Haba Malam! Kai ka karantar da mu hadisin mutumin da ya shayar da kare da huffinsa, Allah Ya gafarta masa. Da matar da ta shiga wuta saboda kyanwa.

Malam na Asawase: Hajiya, shayarwa daban, kwamiti daban. Wancan bawan Allah ba wanda ya ɗauke shi hoto.

Direban Kejetia: Ni na ji ana ba su kuɗin zama. Aikin Allah da ambulan?

Ɗan Aboabo: Wa ya faɗa maka? Ko kuɗin trotro, wato motar haya, daga aljihuna yake fita. Mu ke duba lissafi, mu ke sa hannu, in kuɗi ya ɓata mu za a tuhuma.

Direban Kejetia: Na dai ji.

Anti Nas: Yaya, kada ka raina allurar nan. Ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi, kuma yara ya fi kamawa. Shi ya sa aka ware masa rana, 28 ga Satumba. Wannan ma aikin Allah ne.

Jikan Mahauta: Ni Kaase da aka ambata ce ta tsaya mini a wuya. Kullum mahauta ake gani. Mu muka ɗaure san? A tambayi fatake da direbobi.

Direban Kejetia: Kai yaro, kiyayi bakinka. Ubanka ya san wanda yake cewa a ƙara shanu a mota don riba.

Jikan Mahauta: Kawu, bar Baba a ciki.

Ɗan Aboabo: Jama'a, maganar ruwa fa?

Malam na Asawase: Sai ka janye kalmar tukuna.

Alhajin Zaure: To, ya isa haka, zan rufe. Abin da na fahimta: an yarda mahauta ba su da laifi, a kan hanya ake wahalar da shanu, kuma Malam ya yi gaskiya, a daina ɗora sunan Allah a kan ƙungiyoyi. Direba, ka ba yaron nan haƙuri kafin magariba.